Taubashina da Karen da Ya Ce Ba Nasa Ba Ne

Taubashina ya rasu ranar Talata da hantsi, kuma ina so a shaida cewa bai yi mini sallama ba. Haka yake tun muna yara. In za a je kogi ya riga ni, in an sauke tuwo ya riga ni, da aka zo batun aure ma ya riga ni. Ban yi zaton zai ɗauki wannan mugun hali har bakin kabari ba. To, daga Allah muka fito, can ɗin dai muka nufa, wanda ya riga isa sai ya share mana wuri.

Shi ɗan kawuna ne, ni ɗan goggonsa. Wanda ya san taubasantaka ya san duk abin da zan faɗa a nan haƙƙina ne. Wanda bai sani ba, kada ya ce tsohon nan ba ya jin kunyar mamaci. Shekara sittin da ɗoriya ina tsokanarsa yana tsokanata. In na daina yau, sai ya ɗauka fushi nake yi.

Ranar ba a ƙara yanka ko akuya a kasuwar Garwa ba. Mahauta suka kifa gungumensu, suka taho gaba ɗaya. Sarkin pawa ya zauna a zaure yana ta juya carbi, abin da yake ta faɗa ke nan, "An yi rashin hannu, an yi rashin hannu." Wani Bafillace dillalin shanu, wanda suka shekara talatin suna sa-in-sa a kan kowace saniya, ya zo ya tsuguna gabana ya ce, "Kaɗon nan ya tafi da gaske? To yanzu wa zai riƙa ce wa shanuna ƙashi da fata?" Yana gama faɗa ya ja rawani ya rufe fuska. Matan da ke sayar da kifi a bakin Binuwai suka shige cikin gida suna salati. Wata tsohuwa daga cikinsu ta tsaya ta dube ni ta ce, "Baba, ashe gyara ma tana mutuwa."

Amma duk wanda ya zo gaisuwar nan sai da ya tattare riga. Domin a bakin zauren, a gicciye, akwai kare kwance. Baƙi ne, tsoho, kunne ɗaya a yage, haƙoran gaba sun zube. Sunansa Ƙyale-su. Ba ya haushi, ba ya kaɗa wutsiya, ba ya matsa wa kowa. Limamin unguwarmu da kansa sai da ya ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata, yana a'uziyya.

Ranar sadakar uku babban ɗan mamacin ya ja ni gefe.

"Baffa, maganar karen nan ce."

"Ya ciji wani?"

"Da me zai ciza? Na yi magana da wasu maharba da suka kawo fatu daga Poli. Ranar bakwai za su koma, sun ce za su tafi da shi."

Na ce, "Kare marar haƙori, me zai kamo musu? Naman da ya mutu da kansa?"

Ya ce, "Wannan kuma su ya dama. Mutane suna magana, Baffa. Ana cewa gidan da ke da kare mala'ikun rahama ba sa shiga, ga mu muna nema wa Baba rahama."

Mutumin nan ba mugu ba ne, kunyar idon jama'a ce ta dame shi. Amma na san hanyar Poli, na kuma san ƙafafun Ƙyale-su. Ba zai kai rabi ba. Kwana huɗu ke nan suka rage masa a ƙofar gidan da ya shekara goma sha ɗaya yana tsaro.

Zan faɗi yadda aka ƙare, amma sai na fara faɗin mutumin. Karatuna dai sananne ne. Na bar allo ban kai izu goma ba, da tsufa kuma na tsinci wasu baƙaƙen Nasara a wurin tafintan bariki, ban kai ko'ina da su ba. Taubashina yakan kira ni Malam Rabin Allo. To, rabin allon nan shi zai rubuta shi yau, tunda masu cikakken ba su motsa ba.

Mahauci ne ɗan mahauci. Ba ya duban nama in yana yanka, fuskar mai saye yake duba. Hannunsa shi ne ma'auninsa, kuma ban taɓa jin an dawo masa da kashi an ce ya gaza ba. Ba ya faɗin farashi sau biyu. In mai saye ya ɗaga ƙashi yana ƙorafi, sai ya ce, "Ka taɓa ganin saniyar da ta zo Garwa da tsoka zalla? Da me ta tako?" In aka yi masa maganar wani mahaucin da ke ɓoye jijiya a ƙarƙashin kashi, sai ya ce, "Nama ba ya ƙarya, mai nama ke yi."

Gyararsa kuwa ba ta da ƙa'ida. Baran attajiri ya saya da yawa, sai ya ɗora masa ɗan kitse kamar farce. Tsohuwa ta zo ta sayi na miya ɗaya, sai gyarar ta fi abin da ta saya, yana yi yana mata faɗa: "Ɗauki ki tafi, kin tare mini iska." In ta tsaya godiya ya ɗaure fuska kamar an zagi ubansa. Godiya ita ce abin da ya fi ƙi a duniya, sai kuma karatuna.

Yana da wata hula. Zan dawo kanta, domin ta shiga tarihi. A nan dai ku sani cewa maiƙon shekaru ya sa tana iya tsayawa da kanta, ko babu kai a ciki.

Karen ya samo shi ne, ko in ce karen ya same shi, ba a daɗe da saukar Jamus a Garwa ba. Ya je Ngawundere sayen shanu. A kan hanyar dawowa suka wuce wata ruga da aka tashi, sai wani ɗan kwikwiyo ramamme ya fito daga cikin ciyawa ya bi shi. Ba shanun ya bi ba, ba masu korar shanun ba, shi ya bi. Taubashina ya jefe shi da hoge. Ya tsaya, ya bari aka yi nisa, ya ci gaba da bi. Kwana da kwanaki ana haka, jifa da safe, jifa da yamma. Da suka iso Binuwai, ruwa ya kawo, mai fito ya ce shi jirginsa ba ya ɗaukar kare. Taubashina ya ce madalla, haka yake so. Suna tsakiyar ruwa mai fito ya ce, "Maigida, waiwaya." Sai ga ɗan baƙin kai yana tafe a bayansu, ruwa na jan sa yana dawowa. Kogin nan da kadoji a ciki, kowa ya sani.

Ni ina bakin gaɓa ranar, na zo tarye. Na ga karen ya fito can ƙasa da mashigi, ya girgiza jiki, ya zo ya zauna taku kaɗan daga ƙafar taubashina. Shi kuma ya sunkuya ya ɗauki dutse, ya jujjuya shi a hannu, ya ajiye.

Na ce, "Mun yi ɗan'uwa ke nan? Ta wajen uwa ko ta wajen uba?"

Ya ce, "Ta wajen goggo. Dubi hancinsa, naku ne."

Daga nan rigima ta tashi, gida da kasuwa.

A gida, matarsa ce. Kowa Inna yake ce mata, har ni. Mace ce mai tsafta har ta yi yawa, irin wadda ke wanke tsintsiya bayan ta yi shara. A makon farko karen ya shiga ya sa baki a tulunta. Ta fito da tulun tsakar gida ta wanke shi sau bakwai kamar yadda malamai suka ce, tana ƙirgawa da ƙarfi don maƙwabta su ji. A wanki na bakwai tulun ya fashe. Ta rantse cewa in karen ya sake wuce zaure, ko ita ko shi. Ban san wanda ya fassara wa karen ba, amma daga ranar bai sake wucewa ba. Ita kuma ba ta taɓa kiran sunansa ba. In maigidan ya makara sai ta ce, "Tashi, ƙaninka na jira a waje."

A kasuwa abin ya fi tsanani. Mahauci da kare a gindin rumfa, wa zai saya da kwanciyar rai? Masu saye suka fara ratsewa zuwa wasu rumfuna, masu tsegumi suka samu abin yi. A lokacin ne ya raɗa wa karen suna, don in ya kira shi masu maganar su ji nasu. Sarkin pawa ya tara dattawa, aka kira liman. Liman ya ce a karatun da ya gada jikin kare ba najasa ba ne, amma zuciyar mai saye ma abin kiyayewa ce. Aka yanke cewa karen zai zauna taku bakwai daga gungume, taubashina ba zai taɓa shi ba, kuma ba zai ba shi nama a kasuwa ba. In ya saɓa, ya bar rumfar.

Ya ce, "Na yarda. Ai ba nawa ba ne. Bi na yake yi."

Kashegari ina zaune a rumfar, yana ta sara, sai na ji ya ce, "Af!" Wata tsoka ta tashi daga bakin wuƙa, ta yi taku bakwai cif a iska, ta faɗi gaban karen. Ya dube ni ya ce, "Ya faɗi ƙasa. Wa zai sayi naman da ya faɗi ƙasa?"

Jibi ma haka. Gata ma haka. Sarkin pawa ya zo ya tsaya a kansa ya ce, "Hannun da ya shekara arba'in bai yar da ko jijiya ba, yanzu ya kamu da rawa?"

Ya ce, "Tsufa ne, ranka ya daɗe. Kai ma yana tafe."

Sarkin pawa ya juya ya tafi, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ba a sake ta da maganar ba. Karen kuwa ya koyi darasinsa fiye da yadda na koyi nawa. Abin da aka miƙa masa da hannu ba nasa ba ne, abin da ya faɗi shi ne nasa. Shekara goma sha ɗaya, ban taɓa ganin hannun taubashina a jikin karen nan ba, ban kuma taɓa ganin karen ya kwana da yunwa ba.

To, yanzu ga ilimi ya zo.

Wani Bajamushe ne, likitan shanu, aka aiko shi saboda ciwon da ke kashe garke. Mun sa masa suna Mai Igiya, domin komai ya gani sai ya auna shi da wata igiya mai zane: ƙahon sa, wutsiyar jaki, har kunnen akuya. Mutum ne mai fara'a, ba irin masu bulala ba. Tafinta ya gaya mana cewa ban da aikin shanu yana rubuta labarin halayen dabbobi, ana bugawa a ƙasarsu, mata da yara suna karantawa a gida don nishaɗi da ƙaruwa. Da ya ji akwai karen da ya ƙetare Binuwai da damina saboda mutum, sai ya ɗauko kujerarsa ya kafa a gefen rumfar taubashina.

Ni na zama mai ba da shawara, ba tare da an nema ba.

Ya koya mana abubuwa, ban hana shi ba. Wai kare da hanci yake sanin duniya, yadda mu muke saninta da ido. Wai da harshe yake fitar da zafin jikinsa, shi ya sa yake lallage. Wannan na yarda, domin na san mutane da yawa masu irin wannan halitta. Wai kakannin kare namun daji ne, dangin dila da kyarkeci, masu yawo ƙungiya da shugaba guda, don haka kare yakan ɗauki ubangidansa a matsayin babban garkensu.

Taubashina ya ce da tafinta, "Gaya masa ni ban haɗa kaka da dila ba. Ya tambayi wancan mai rabin allon, su ne 'yan dawa."

Sai aka zo gwaji. Mai Igiya ya karɓi hulunan mahauta biyar ya jera a ƙasa, ya sa taubashina ya ɓuya bayan tarin fatu. Ƙyale-su ya taso ya wuce huɗu, ya kwanta a gaban ta biyar, ta taubashina. Bature ya yi ta rubutu har alƙalaminsa na ƙara. Ni dai na ce da tafinta, hular nan ko ni da mura zan gano ta daga ƙetaren kogi. Tafinta ya ƙi fassarawa.

Gwaji na biyu shi ne na nama. Bature ya sayi hanta mai kyau, ya tsuguna ya miƙa wa karen. Ƙyale-su ya kau da kai. Tafinta ya miƙa, ya kau da kai. Aka ba ni na miƙa, ya dube ni kamar na zo roƙo. Bature ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ga amana, kare ba ya ci sai daga hannun ubangidansa. Ya miƙa wa taubashina hantar ya ce ya ba shi, don a tabbatar. Sarkin pawa kuwa yana tsaye, da rabin kasuwa.

Taubashina ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ni? Allah ya sawwaƙe. Ba nawa ba ne."

Bature ya ce, "To wa ke ciyar da shi?"

"Wanda ke ciyar da kai."

Mutum ɗari a wurin sun san gaskiya, ba wanda ya yi ko tari. Wa zai tona asirin dattijo a gaban baƙo? Baturen nan, bawan Allah, ya yi kwana tara yana zuwa da hanta, yana tsugunawa har gwiwoyin wandonsa suka yi baƙi. A rana ta tara ya gaji, ya zauna ya buɗe gwangwanin abincinsa. Zai kai baki, naman ya zame daga cokali ya faɗi ƙasa. Kafin ya sunkuya Ƙyale-su ya haɗiye.

Wallahi sai da idon Bature ya kawo ruwa. Ya tashi ya kama hannun tafinta yana girgizawa. Wai haƙuri ya yi rana, dabba ta gane zuciyarsa, ta karɓe shi aboki. Sarkin pawa ya shige bayan rumfa, muna jin sa yana tarin ƙarya.

Kafin ya bar Garwa ya ce zai ɗauki hotonsu. Taubashina, mutumin da ya ce kare ba nasa ba ne, ya je gida ya yi wanka da rana tsaka, ya sa rigar Sallah, ya ari rawani a wurin liman, har da turare, kamar akwatin hoton zai ji ƙamshi. Ya tsaya ƙiƙam a rana, karen a gabansa, Bature ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyalle.

Da damina ta zagayo jirgin ruwa ya kawo takardar da aka buga labarin a ciki, tafinta ya kawo mana har rumfa. Ga Ƙyale-su nan sak, har yagaggen kunnen. A bayansa kuwa ƙafafu biyu ne, daga gwiwa zuwa ƙasa. Ba riga, ba rawani.

Taubashina ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Har fasona ya fito."

Ya tambayi tafinta ina aka rubuta sunansa. Tafinta ya bi layi da yatsa ya ce an rubuta sunan karen sau da yawa, shi kuma an ce wani mahauci.

Ya ce, "To, ai bai yi ƙarya ba. Wani mahauci ne." Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ci gaba da sara. Amma ranar bai yi wa kowace tsohuwa faɗa ba, kuma na lura.

Abin da takardar ta tsayar, in ji tafinta, shi ne kare yana riƙe amanar hannun da ke ciyar da shi. A nan ne ni da littafin Jamus muka rabu. In don ci ne, da ƙasa Ƙyale-su zai bi, tunda daga ita yake ɗauka. In don ci ne, mayanka cike take da kayan ciki, ba sai ya bi tsoho ɗaya ba. Kuma ranar da ya faɗa Binuwai, me aka taɓa ba shi ban da jifa? Na kai wannan fatawa gaban taubashina na ce, "Kai da ka fi kowa saninsa, don me yake bin ka?"

Ya ce, "Je ka tambaye shi. Kai ma shekara sittin kana bi na, me na taɓa ba ka?"

A nan ya yi ƙarya, kuma zan tona shi, tunda ba ya nan balle ya ɗaure fuska. Shekarar da matata ta rasu na kwanta. Ba ciwo ba ne, tashin ne ban ga amfaninsa ba. Mutane suka yi ta zuwa suna ba ni haƙuri, ina jin su kamar ruwa a kan dutse. Shi bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Kullum da safe kafin ya tafi kasuwa sai ya zo ya zauna a ƙofar ɗakina, karen a waje, ya fara: "Malam Rabin Allo, har yanzu kana nan? Na zaci ka bi ta. Ai da ka bi ta da ta koro ka, shekara talatin tana neman ta huta da kai ba ta samu ba." Na juya masa baya. Gobe ya dawo da wata. Ya zagi karatuna, ya zagi gemuna, ya zagi yadda nake tafiya. Wata safiya ya ce ko Fatiha ba na kai wa ƙarshe sai an ɗora ni. Na tashi zaune na ce, "Kai da ke karanta Ƙulhuwallahu kamar kana ciniki!" Sai ya miƙe ya kakkaɓe riga ya ce, "To, ya warke." A bakin ƙofa na tarar da ƙunshin ganye, da ƙoda biyu a ciki. Da na yi masa maganarsu ya ce bai san zancen ba.

Ranar da zai rasu ya je kasuwa kamar kullum, ya ce kansa na juyawa, ya dawo gida ya kwanta a tabarmar zaure. Kafin a kira ni ya cika. Da aka ɗauki makara karen ya biyo mu daga nesa, ya tsaya a bakin maƙabarta bai shiga ba. Muka dawo, ya dawo, ya kwanta a inda na gaya muku. Tun ranar ruwa kawai yake lasa. Na sayo tsoka na zo na yi kamar ta suɓuce mini. Ya dubi naman, ya dube ni, ya mayar da kansa kan ƙafafunsa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na nemi yadda zan yi. Ni a gidan surukina nake zaune, na gwada masa maganar, ya ce, "Baba, kai ma da ƙyar aka samu ɗaki." Na je wa sarkin pawa, ya ce kasuwa ba ta da zaure. Na je wa liman, ya ce magada su ke da gida.

Ranar bakwai aka yi addu'a da safe, aka raba waina da goro. Jama'a ba su gama watsewa ba sai ga maharban Poli su biyu, ɗaya riƙe da igiya. Babban ɗan ya nuna musu karen, bai yarda mun haɗa ido ba. Na ce a bari ko zuwa arba'in. Ya ce, "Baffa, mun gama magana." Maharbin da ke riƙe da igiyar ya tsuguna ya zura ta a wuyan Ƙyale-su. Karen bai yi gardama ba, bai kuma tashi ba. Maharbin ya ja, jikin ya biyo a ƙasa kamar buhu.

Sai muka ji murya daga bayan zanan da ya raba zaure da cikin gida.

"Wa ke jan abu a ƙofata?"

Inna ce. Tana cikin takaba, ba ta fitowa, ba ma ganinta.

Ɗanta ya ce, "Karen ne, Inna. Yau za a raba ki da shi."

"Wa ya ce maka ina neman a raba ni?"

"Haba Inna, ke da kika rantse..."

"Na rantse ba zai wuce zaure ba. Ya wuce?"

Ɗan ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Malam liman yana nan?"

Liman ya gyara zama ya ce, "Ina nan, Inna."

"Malam, mai takaba ana fitar da shi daga gidan mamaci?"

"Ba a fitarwa, sai kwanaki sun cika. Amma Inna, kare ba ya takaba."

Ta ce, "Kwana bakwai bai ci ba, bai je ko'ina ba, bai ɗaga murya ba. Ni da na haifa masa 'ya'ya shida, ranar uku na ci tuwo har na nemi ƙari. In ba takaba yake yi ba, Malam, gaya mini sunan abin da yake yi, ni ma in koya."

Wani daga baya ya fashe da dariya, ya mayar da ita salati. Liman ya shafa gemu ya daɗe yana shafawa. Ya ce shi dai bai ga wannan a littafi ba, amma ya ga cewa an yarda a ajiye kare don tsaro, kuma gidan da maigida ya rasu ya bar tsohuwa, gida ne mai bukatar tsaro.

Ɗan ya ce, "Malam, ba shi da haƙori ko ɗaya a gaba."

Liman ya ce, "Littafin bai ce a ƙirga ba."

Ɗan ya juya wajen zana ya ce, "To bayan wata huɗu da kwana goma fa, Inna?"

Ta ce, "Ka zo ka tambaye ni ranar. Yanzu a cire masa igiyar nan, ba akuya ba ce."

Maharbi ya zare igiyarsa, aka ba su waina suka kama hanya. Muna zaune sai muka ga gindin zana ya ɗaga, wani tsohon kasko ya leƙo da kunu a ciki, ana turo shi da taɓarya. Ta tura, ta tura, har ya taɓa hancin karen.

Ta ce, "Ƙyale-su, sha. Ni ma ba daɗinsa nake ji ba."

Ya ɗaga kai ya dubi zanan. Ya daɗe yana duba. Sannan ya sa baki.

To, taubashi, ka ji yadda aka yi a bayanka. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwanci, ya yafe maka abin da ka yi wa mutane, ban da wanda ka yi mini, wannan sai na zo. In ka ga na daɗe ban iso ba, kada ka ce tsoro ne. Akwai masu takaba biyu a gidanka, ɗaya a ciki ɗaya a waje, kuma ba inda za ni sai na ga wanda zai iya zuwa ya tsaya gaban zanan nan ya yi tambayar.